Furen Safe Mai Daɗewa: Shuka Shi Da Tsare Shi A Gida

Duk wanda ya taɓa dasa dankalin Hausa ya riga ya san rabin wannan aiki. A yanko yaɗo, a binne gaɓa biyu a kunya mai laima, bayan mako guda a ga ya miƙe. Furen safe ɗan gidan su dankali ne, shi da duman rafi da ke shimfiɗe a bakin kududdufi, da yaryaɗin da ke naɗe karan dawa a gona. Dangi ne babba mai nau'i fiye da 600, wanda masana tsirrai ke kira Ipomoea, kuma da fure ake gane su: mai siffar mazurari ne, yana buɗewa sau ɗaya, ya yi 'yan sa'o'i, ya naɗe. Kashegari wani sabo ne zai fito, ba na jiya ba.

A cikin waɗanda ake shukawa don ado akwai masu damina ɗaya, akwai masu daɗewa. Na damina ɗaya su ne aka fi gani a 'yan fakitin iri da ake kawowa daga Turai, kuma cikinsu ne akwai wanda Japanawa suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna tatar launukansa, har suna yi masa kasuwa ta musamman a unguwar Iriya da ke Tokyo daga 6 zuwa 8 ga Yuli kowace shekara. Waɗannan suna yin fure, su zubar da iri, su mutu. Masu daɗewa kuwa saiwarsu tana zaune a ƙasa shekara da shekaru, ko an sare su sai sun sake toho.

Yawancin shawarwarin da za ka ci karo da su a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su. Damuwarsu ita ce ƙanƙara, yadda za su ɓoye tukunya a ɗaki kada tsiron ya daskare. Mu ba mu da wannan matsala daga Kano har Maraɗi. A wurinmu babu lokacin da sanyi zai yi masa birki, saboda haka aikin ya juye: tayar da shi abu ne mai sauƙi, hana shi cinye gida shi ne gwanintar. Wanda bai shirya riƙe almakashi a kai a kai ba, gara ya nemi wani furen.

Guda uku da suka cancanci wahalarka

Na farko shi ne shuɗin, Ipomoea indica. Da hantsi furensa shuɗi ne mai ƙarfi da ɗan ja a maƙogwaro, faɗinsa santimita 6 zuwa 8, yana yin tuli uku ko biyar a kara ɗaya. Rana na ɗagawa launin yana juyewa, kafin azahar ya koma ruwan hoda. Ganyensa wani kamar zuciya, wani mai kunne uku, duk a jikin yaɗo ɗaya. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne da wuya wannan ya yi iri idan shi kaɗai ne, domin furensa ba ya karɓar garin barbara daga jikin kansa. Don haka wanda ya miƙo maka fakiti ya ce irin shuɗin mai daɗewa ne, ka yi shakka. Da reshe ake samun sa.

Na biyu mai ganyen yatsu ne, Ipomoea cairica. Ganyensa a rarrabe yake gida biyar zuwa bakwai, furensa ruwan shanshanbale mai haske da duhu a tsakiya. Wannan ɗan Afirka da Asiya ne, yana ajiye abinci a saiwa mai kauri, shi ya sa ya fi sauran jure rani. Idan ruwa saye kake yi a wurin 'yan garuwa, shi zan ce ka ɗauka. Bai kai shuɗin ɗaukar ido ba, amma yana rufe shinge ruf, kuma ba ya yawan ƙorafi.

Na uku ya saɓa wa 'yan uwansa, don shi da magariba yake buɗewa. Ipomoea alba, wato farin dare, fari ne fat, faɗinsa yakan kai santimita 14, yana da ƙamshi, kuma buɗewarsa ba ta ɗaukar lokaci: idan ka zauna kusa bayan faɗuwar rana za ka ga toho yana warwarewa a gaban idonka cikin 'yan mintoci. Manyan malam-buɗe-littafin dare masu dogon baki ne ke ziyartarsa. Ga gidan da ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i, babu kamarsa. Asalinsa yankin zafi na nahiyar Amurka ne, kuma yana da tarihi mai ban mamaki. Mutanen dā na yankin Meziko suna matse ruwan yaɗonsa su gauraya da ƙaron wata bishiya, sai ya zama roba mai tsalle da suke yin ƙwallo da ita. Binciken Dorothy Hosler da abokan aikinta na jami'ar MIT, wanda aka buga a 1999, ya nuna ana sarrafa roba a can tun wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, fiye da shekara dubu uku kafin Charles Goodyear ya yi rajistar tasa dabarar sarrafa roba a 1844.

Akwai wani ɗan dangin da za ka gani an yi shinge da shi a bakin fadama, mai tsayuwa da ƙafarsa, kara mai rami a ciki, fure ruwan hoda, Ipomoea carnea. Wannan kada ka shigo da shi gidan da ake kiwo. Yana ɗauke da guba da ke taɓa ƙwaƙwalwar dabba, akuyar da ta saba cin sa sai ta rame, ta riƙa tangaɗi. Makiyayan Sudan sun san shi sarai.

Wuri, kafin komai

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo tsiro tukuna sannan a tsaya neman inda za a sa shi. A fara da wuri. Yana son rana ta aƙalla sa'a shida, in ba haka ba sai ya yi ta ganye babu fure. Sai dai ranar bazara a Sakkwato ko Damagaram, inda zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, ba irin ranar da littattafan Turawa ke nufi ba ce. A irin waɗannan garuruwa a nemi gefen da ke kallon gabas, ya sha hantsi, katanga ta kare shi daga ranar la'asar. A can furen zai fi daɗewa a buɗe. A Jos ko Mambila, inda iska ke da sanyi, ko a tsakiyar fili aka sa shi babu laifi.

Sannan a ɗaga kai a dubi sama. Akwai wayar lantarki kusa? Eriya, farantin sola, indararo, bakin kwanon rufi? Shuɗin yakan yi tsawon mita goma ko fiye, kuma duk abin da ya samu siriri sai ya naɗe. Idan ya shiga ƙarƙashin kwano yana tara ganye, ganye ya riƙe ruwa, kwano ya yi tsatsa. Kada a dasa shi gindin mangwaro ko lemo ko gwaiba da sunan ya ɗan hau ya yi kyau. Zai hau, ya lulluɓe kan bishiyar, ya tare mata rana, a wayi gari ta daina 'ya'ya. Ba tatsuniya ba ce: a New Zealand an hana sayar da shuɗin, a Afirka ta Kudu yana cikin jerin tsirrai masu mamaya da doka ta ce a kawar, gabashin Ostareliya ma yaƙi ake yi da shi a bakin dazuzzuka, mai ganyen yatsun kuwa ya addabi lardin Guangdong na kudancin Sin. Duk wuraren nan da sunan ado suka shiga.

A tuna da maƙwabci kuma. Katangar da kuka haɗa ba taka ba ce kai kaɗai, kuma yaɗo bai san iyaka ba. Ka gaya masa tun kafin ka dasa, musamman idan yana da awaki.

Wurin da na fi so a gidan Bahaushe shi ne kusa da inda ake alwala. Ruwa ne mai tsabta, kaɗan-kaɗan, sau biyar a rana. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa a kauce masa, gishirin da ke ciki yana taruwa a ƙasa ya ƙona bakin ganye.

Abin hawa

Wannan tsiro ba shi da ƙugiya, ba ya kuma manne wa bango. Da jikinsa yake naɗe abu, yana kewayawa saɓanin tafiyar hannun agogo idan ka leƙo shi daga sama. In ka naɗa shi ta ɗaya ɓangaren da hannunka, zai warware ya koma yadda ya saba. Charles Darwin ya lura a rubutunsa na 1865 kan tsirrai masu hawa cewa masu naɗewa ba sa iya rungumar abu mai kauri sosai. Ma'anar wannan ga mai lambu ita ce: dirka mai kauri ita ce ƙashin rumfa, amma abin da yaɗo zai kama dole ya zama siriri, waya ko igiyar leda ko tsagin gora, wanda bai wuce kaurin yatsa ba.

A kafa dirkoki tazarar mita biyu. Ƙarfe ya fi, domin gara ba ta barin itace a inda ake zuba ruwa kullum. In itacen ne ya samu, a babbaka gindinsa a wuta, ko a shafe shi da baƙin mai kafin a binne. A ja waya mai kauri a sama da ƙasa, sannan a ɗaura sirara a tsaye, tazarar taƙi ɗaya. Ragar waya irin ta kejin kaji tana yi, amma ranar aski za ka sha wuya wajen zare busasshen yaɗo daga ƙananan ramukanta. Raga mai manyan idanu ta fi. Kada a dogara da darni ko zana. Cikin damina ɗaya nauyin jiƙaƙƙen ganye zai kwantar da su, kuma iskar farkon damina ba ta wasa da abin da ya zama bango na ganye.

Idan ginin ƙasa ne, a ja rumfar baya da aƙalla santimita 60 daga bango. Ruwan ban-ruwa a gindin katangar ƙasa shi ne mafarin zaizayewa, ganyen da ya jingina da yaɓe kuma yana hana shi bushewa bayan ruwan sama. Ginin bulo da siminti, santimita 30 ya isa.

Ƙasa da dashe

Ba ya zaɓen ƙasa, abu ɗaya ne ba ya so, wato ruwa ya kwanta a gindinsa. A haƙa rami mai faɗin santimita 40 da zurfin haka. Idan jigawa ce, a gauraya kashi biyu na ƙasar da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki, wanda ya daina wari da zafi. Idan laka ce mai danƙo, a ƙara yashi, a kuma ɗaga wurin ya zama ɗan tudu. Ɗanyen kashin kaji kada ya kusanci ramin.

Lokacin dashe mafi kyau shi ne bayan damina ta zauna, wajen tsakiyar Yuni zuwa Yuli a ƙasar Kano da Katsina, a ɗan jinkirta a arewa da nan, a ɗan yi sauri a Kaduna da Abuja. Mai rijiya ko famfo zai iya dasawa a kowane wata, in ban da tsakiyar bazara.

Da reshe: a zaɓi yaɗon da ya fara ƙwari amma bai zama itace ba, a yanko santimita 20 zuwa 30 mai gaɓa uku ko huɗu, yankan ya faɗa ƙasa kaɗan da gaɓa. A tsinke ganyen ƙasa, a bar biyu na sama, in manya ne a rage rabinsu. A binne gaɓa biyu, a danne ƙasa, a ba shi ruwa, a yi masa inuwa da guntun kwali na kwana huɗu ko biyar. Wanda yake son ganin abin da ke faruwa ya tsoma reshen a kwalbar ruwa, yana canja ruwan bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu fararen saiwoyi za su fito, da sun kai rabin yatsa sai a mayar ƙasa. In aka bar su suka yi tsawo a ruwa, karyewa suke yi wajen dashe.

Akwai hanyar da ta fi wannan tabbas idan uwar tana kusa. A kwantar da yaɗo a ƙasa ba tare da an yanke shi ba, a rufe gaɓa ɗaya da ƙasa, a ɗora dutse. Bayan mako biyu ko uku ya yi saiwa, sai a raba shi da uwar a tone. Kusan ba ya faɗuwa. Ka riƙe wannan a ranka, domin da wannan dabarar ce tsiron zai bi ya mamaye maka fili idan ka yi sake.

Da iri, wato ga farin dare da mai ganyen yatsu: ɓawon irin yana da tauri ƙwarai, ruwa ba ya ratsa shi da wuri. A goga gefe ɗaya a jikin siminti ko a ɗan ƙwarzane shi da abin yanke farce har a hango fari kaɗan, nesa da idon irin. A jiƙa shi a ruwa mai ɗumi ya kwana. Wanda ya kumbura ya shirya, wanda bai kumbura ba a sake gogawa. A shuka zurfin santimita 1 zuwa 2, biyu a rami, daga baya a cire mai rauni. Yakan tsiro cikin mako ɗaya ko biyu. Tsiron da ya fito daga iri ba ya son a taɓa saiwarsa, don haka ko a shuka shi a mazauninsa kai tsaye, ko a leda wadda za a farke a sa shi da ƙasarsa.

Tazara tsakanin gindi da gindi mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ranar dashe wurin zai yi kama da an yi rowa. A haƙura. Gindi biyu sun ishi rumfar zaure.

Da ya kai tsawon kamu biyu, a tsinke kansa. Hakan zai sa ya fitar da rassa uku ko huɗu daga ƙasa, maimakon igiya ɗaya da za ta ruga sama ta bar gindi tsirara. A rarraba rassan a kan wayoyi, wasu a kwantar da su a gicciye. Reshen da aka kwantar yakan fi fitar da ƙananan rassa masu fure.

Ruwa da taki: a riƙe hannu

A makonni uku na farko kada ƙasa ta bushe. Bayan nan, damina za ta ɗauke maka aikin. Da rani, bokiti ɗaya ga kowane gindi sau biyu a mako ya fi yayyafin kullum, domin ruwan da ya nutse shi ke jan saiwa ƙasa. A bazara a ƙara zuwa sau uku. Za ka ga ganye ya yi laushi da tsakar rana, wannan ba ƙishirwa ba ce koyaushe, kare kansa yake yi daga zafi. Ka duba shi da asuba: in ya miƙe, lafiya lau, in har lokacin yana langaɓe, to ruwa yake nema. A rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa don laima ta daɗe, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da karan saboda gara.

Maganar taki ita ce inda masu son tsiron ke cutar da shi. Mutum ya ga ya yi kore sai ya ƙara masa yuriya don ya ƙara kyau, sai a sami ganye kamar faranti, fure ko ɗaya babu. Sinadarin da ke cikin yuriya ganye yake ginawa. Ruɓaɓɓen taki kwano ɗaya a farkon damina ya ishe shi shekara. In ganyen ƙasa ya fara rawaya gaba ɗaya, cokali ɗaya na NPK 15-15-15 a zagaye gindin, nesa da kara, a bi da ruwa. Ɗan tokar murhu sau ɗaya a shekara yana taimaka wa fure, amma ba a jibga ba.

Idan ka kiyaye rana da taki amma har yanzu shiru, dubi fitilar tsaro. Da yawa daga cikin dangin nan, har da farin dare, tsawon duhun dare ne ke sa su ɗaukar fure, shi ya sa suka fi cika daga Satumba zuwa Nuwamba lokacin da dare ya fara tsawo. Ƙwan sola da ke haska su har asuba yakan rikita musu lissafi. A juya fitilar ko a yi mata kariya ta wannan gefen.

Aski

Nan ne aikin yake. Iri biyu ne.

Na yau da kullum ba ya cin minti goma a mako, amma kada a tsallake shi a watan Agusta. A duƙa a dubi gindi. Shuɗin da mai ganyen yatsu suna tura wasu dogayen yaɗo a kwance a kan ƙasa, marasa yawan ganye, suna bin gindin bango da ƙarƙashin ciyawa ba tare da an lura ba, kowace gaɓa tana kafa saiwa. Su ne 'yan leƙen asiri. A bi kowanne har inda ya fito a yanke. Sannan a ɗaga kai, duk kan da ya wuce wayar sama yana lalube a iska, a datse shi ko a juyo da shi ƙasa. Ga masu yin iri, a tsinke ƙwanson tun yana kore, sai 'yan kaɗan da ake son ajiyewa.

Babban aski sau ɗaya ne a shekara, kuma lokacinsa ya danganta da abin da kake nema. Idan inuwa kake so a bazara, kuma kana da ruwa, kada ka sare shi a hunturu. Ka rage busassun rassa kawai a Disamba, ka ci gaba da ban-ruwa, ka sha inuwarka a Maris da Afrilu, sai ƙarshen Mayu, gab da saukar damina, ka sare shi zuwa tsawon gwiwa. Cikin mako shida zai rufe rumfar da sabon ganye. Idan kuwa ruwa na wahala, ka sare shi a ƙarshen Nuwamba bayan fure ya ja baya, ka rufe gindin, ka riƙa ba shi bokiti ɗaya duk kwana bakwai ko goma don saiwar ta rayu. Mai ganyen yatsu yana ɗaukar wannan horo cikin sauƙi, farin dare ne mai ɗan raki.

Wanda ya ƙi yin babban aski, bayan shekara biyu zai sami kore a waje, a ciki kuwa tulin busasshen yaɗo da ƙurar hunturu, mazaunin ɓera da sauro, wani lokaci har maciji. Ranar askin a sa safar hannu, domin farin ruwan da ke fita daga karan yakan sa wasu ƙaiƙayi, a kuma buga rumfar da sanda kafin a zura hannu.

Abin da aka sare ba a zubar da shi ɗanye a bola ko kwata ko bakin fadama. Kowane guntu mai gaɓa tsiro ne. A baza shi a kan siminti ko kwano ya bushe ƙarau, sannan a ƙona ko a zuba a ramin taki. Kada a ba dabbobi. An tabbatar duman rafi yana sa tumaki da awaki da shanu karkarwa, musamman da rani lokacin da shi kaɗai ne kore, kuma dangin da ke da irin wannan hali ba a gwaji da shi a kan ragon layya. Irin ma a ɓoye shi daga yara: yana da sinadarai masu sa amai da juyewar kai, na fakiti kuma sau da yawa an shafe shi da maganin ƙwari.

Ƙwari da cuta

Ba su da yawa. A hunturu, idan ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya kuma ka ga siririyar yana a bayansa, wasu jajayen ƙwari ne ƙanana ƙwarai masu son ƙura da bushewa. A wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi sau biyu a mako. Darɓa da farin ƙuda suna taruwa a sabon toho. A daka 'ya'yan darbejiya giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulun wanka, a fesa a bayan ganye da yamma, ba a kan fure ba. Babbar tsutsa mai ƙaho a wutsiya, wadda ke cinye ganye cikin dare, da hannu ake ɗauke ta. In da farin dare ka shuka, ka bar ɗaya ko biyu, domin irinta ce ke zama malam-buɗe-littafin da ke yi masa barbara. A tsakiyar damina wasu fararen ƙuraje kan fito a bayan ganye. A tsinke waɗanda suka kamu, a rage cunkoso iska ta ratsa.

Gargaɗi ga manomi: ƙwaron nan da ke huda dankali ya bar shi da ɗaci yana samun mafaka a jikin 'yan uwan dankali idan an girbe gona. Wanda yake da kunyoyin dankali a bayan gida ko a lambu, kada ya kafa rumfar furen safe kusa da su, zai zama ya ajiye wa ƙwaron masauki har damina ta zagayo.

A tukunya, da ranar rabuwa

Ga mai gidan haya, ko wanda tsakar gidansa siminti ne, ko wanda duk abin da na faɗa ya ba shi tsoro, rabin duro ya warware matsalar. A huda gindinsa wuri biyar ko shida, a zuba tsakuwa kaɗan, a cika da haɗin ƙasa da yashi da taki, a ɗora shi kan bulo biyu don saiwa kada ta bi ta ramin ta kama ƙasa. Duron ƙarfe yana ɗaukar zafi, a shafa masa farin fenti ko a naɗe shi da buhu. Tsiron tukunya ya fi bukatar ruwa, kullum ne a bazara, amma sau da yawa ya fi na ƙasa fure, don matsin saiwa yana hana shi shagala da ganye. Duk shekara biyu a zazzage shi a farkon damina, a rage kashi ɗaya cikin uku na saiwar, a canja ƙasa.

Idan kuma wata rana ka gaji da na ƙasa, ka sani sarewa kaɗai ba ta kashe shi. A yi aikin da rani. A sare komai, a daina ba shi ruwa, a tone gindin da magirbi har a fitar da saiwar mai kauri, sannan a bi duk inda yaɗo ya taɓa kafa ƙafa a tone. Da ruwan farko wasu za su ɓullo daga guntayen da suka ɓuya da irin da ya zube; a tumɓuke su tun suna da ganye biyu ko uku, lokacin ƙasa na da laushi. A sa ido a wurin har damina biyu kafin a dasa wani abu mai daraja.